Shirin jarrabawar tuƙi a kan tudun Sheffield

Mai tambaya: Assalamu alaikum, yayyena da ƙannena. Saura mako 5 in shiga jarrabawar tuƙi a nan Sheffield, kuma a unguwar Walkley nake atisaye da yamma, saboda layukanta ba su da cunkoso. Damuwata ita ce tashi daga tsaye a kan hawa, domin da zarar na saki birkin hannu sai motar ta fara silalewa baya, ko kuma injin ya mutu. Ina roƙon duk wanda ya taɓa shiga wannan hali ya faɗa mini yadda ya yi.

Wani direban tasi: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Na shekara 9 ina tuƙi a Kano kafin in zo Ingila, amma Kano shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce, don haka ban san ƙafata ta hagu ba ta ƙware ba sai da na tsaya a kan Blake Street, wadda ke cikin layukan da suka fi tsauri a garin nan. Abin da ya gyara ni shi ne na daina gaggawar sakin birkin hannu. Nakan sa giya ta ɗaya, in ɗan taka totur fiye da yadda zan yi a fili, sannan in ɗago kuloci a hankali har in ji ƙarar injin ta sauka kuma gaban motar ya ɗan ɗaga. A nan nake riƙe ƙafata, in duba madubai, in waiga ta kafaɗar dama, kana in saki birkin. Na maimaita wannan a layi guda har ƙafata ta haddace wurin. Ki fara da hawa mai sauƙi, kada ki kai kanki hawa mai tsauri irin na Jenkin Road tun yanzu.

Wata ma'aikaciyar jinya: Ni kam shirun unguwa ne ya yaudare ni, 'yar uwa, kuma shi nake so ki yi hattara da shi. Na yi wata 2 ina zagaya unguwar Stannington da sassafe, lokacin da babu kowa a hanya, har na saba da tashi ba tare da waigawa ba, tunda ban taɓa ganin wani na tahowa ba. Ranar jarrabawa mai gwajin ya ce in tsaya a gefen hagu a kan wani hawa, sannan in tashi. Motar ba ta koma baya ko taku ɗaya ba, amma hankalina duka yana kan kuloci, ban ga mai keken da ya kusa cim mini ba, kuma wannan kuskure guda ya kayar da ni. Ana yafe ƙananan kurakurai har 15, amma babba ɗaya ya isa. Na yi baƙin ciki ƙwarai, ga asarar fam 62 na kuɗin jarrabawa, ga jiran wani gurbin. A karo na biyu injin ya mutu mini a wata mahaɗa, na ja birkin hannu, na tayar, na duba ko'ina, na wuce, kuma na ci.

Wani dattijo: 'Yata, kowa yana maganar hawa, amma gangara ma tana da nata sharrin. A layukan da aka ƙayyade gudun mil 20 a awa, motar takan ƙara gudu da kanta idan kika bar ta a giya ta uku, saboda haka ni a ta biyu nake sauka, kuma ba na taka kuloci in bar ta tana gangarawa haka kawai. Sannan motocin da aka ajiye a gefe biyu sukan mayar da layin hanyar mota ɗaya, sai ki riƙa hango gurbin da za ki raɓe tun daga nesa. Ni na raka ɗana atisaye, kuma doka ta ce mai rakiya ya haura shekara 21, ya kuma riƙe cikakken lasisi na shekara 3.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Baba, maganar giya ta biyu ta zo daidai, domin jiya ma malamina ya yi mini faɗa a kanta. An ba ni shawarar in koma mota otomatik, amma na ƙi, tunda lasisinta ba zai ba ni damar tuƙa mai giyar hannu ba, kuma mai giyar hannun ce a gidanmu. Gobe in sha Allahu zan fita da ƙarfe 3 na rana, lokacin da ake tashin yara daga makaranta, domin in gwada tashin nan alhali akwai mutane a hanya.