Tambaya: me ya sa aka gina ƙaton coci a kan ɗan ƙaramin cocin Waliyyi Faransis?

'Yar_Zonkwa:
Salama gare ku jama'a. Don Allah ina da tambaya, tun jiya abin ke cina. Gwaggona ta dawo daga ziyarar ibada a Italiya, bayan Roma an kai su wani gari wai shi Asisi, toh cikin hotunan da ta nuna mana a waya akwai ɗaya da ya tsaya min a rai, wani ɗan mitsitsin coci ne na dutse kamar ɗakin ajiya a bayan gida amma yana tsaye a tsakiyar wani ƙaton coci mai kubba, wato ɗaki cikin ɗaki. Ta ce sunansa Porziuncola kuma na Waliyyi Faransis ne, wai da ta shiga hawaye kawai ta ji yana zubo mata. Ni dai tambayata, shi ya gina shi da hannunsa? Sannan wa ya kawo shawarar a kifa masa wannan ƙaton ginin? Gaskiya abin bai kwanta min ba, mutumin da duk duniya ta sani da talauci da tafiya ba takalmi a zo a rufe ɗan ɗakinsa da gini irin na sarakuna.

Tsohon_Katikis:
Sannu 'yata, Allah ya yi miki albarka da wannan tambaya. Ba shi ya gina ba, tarar da shi ya yi. Tsohon ɗakin addu'a ne na Maryamu, mallakar 'yan zuhudun Benedikt na dutsen Subasio, an yi watsi da shi a cikin kurmi ƙasa da garin kamar kilomita 4, ya fara zubewa. Faransis ɗan attajirin mai sayar da yadi ne, da ya rabu da dukiyar ubansa sai ya kama gyaran rusassun coci-coci da hannunsa yana roƙon duwatsu a gari, ya gyara cocin San Damiano, ya zo ya gyara wannan. A ciki ne wajen 1208 ya ji an karanta wurin nan a Bishara da Yesu ya aiki almajiransa ya ce kada su riƙi zinariya ko azurfa ko jaka ko takalmi ko sanda, nan take ya tuɓe takalmi ya ɗaura igiya a ƙugu. Kin ga daga wannan ɗan ɗakin ƙungiyar Faransiskan ta tashi.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne maganar haya. Shugaban 'yan Benedikt ya ba shi wurin, shi kuwa ya ƙi yarda a ce nasa ne, sai ya riƙa aika musu da kwandon kifi duk shekara a matsayin kuɗin haya, su kuma su mayar masa da mai. Sunan ma kansa ma'anarsa ɗan ƙaramin rabo, ɗan yankin fili. Nan Waliyyiya Kilara ta gudo daga gidan iyayenta da dare a 1212 aka yanke mata gashi, kuma a wata 'yar bukkar marasa lafiya 'yan taku kaɗan daga bayan ɗakin ya rasu ran 3 ga Oktoba 1226, ya ce a kwantar da shi a ƙasa. Kabarinsa dai yana can sama cikin gari, kar ki haɗa su, coci biyu ne daban.

Ƙaton ginin kuwa Fafaroma Pius na Biyar ne ya ba da umarni, aka fara 1569 ba a gama ba sai 1679, sama da shekara 100 kenan. Dalili jama'a ne, tun zamanin Fafaroma Honorius na Uku ake bikin gafara na ran 2 ga Agusta a wurin, mutane na tuttuɗowa daga ko'ina, ɗakin kuwa tsawonsa bai wuce mita 7 ba faɗinsa bai wuce 4.

Magini_Fagge:
Assalamu alaikum. Ni Musulmi ne kuma gini ne sana'ata, na gaji babana, don haka ku ba ni dama in sa baki ta ɓangaren da na sani. 'Yar'uwa, wallahi da ba a yi masa wannan rumfar ba da wuya ki ga abin da gwaggonki ta gani. Babu abin da ke cin tsohon gini kamar ruwa, ya shiga ta rufi ya bi tsakanin duwatsu ya cinye abin da ya riƙe su, a can ma ga ƙanƙara, ruwan ya daskare a cikin tsaga ya ƙara buɗa ta. Mu nan katangar ƙasa in ta yi damina biyu uku ba yaɓe ai kin san yadda take komawa. Toh shi wannan sama da shekara 300 ruwan sama bai taɓa shi ba, rana ba ta dake shi ba, kuma kullum akwai ido a kansa, tsaga kaɗan ta fito za a gani. Ni a wurina wanda ya yi wannan tunanin ya san aiki.

Kuma Baba Katikis zai gyara min in na kuskure, ai Faransis ɗin nan shi ne ya tsallaka har sansanin Sarki Malikul Kamil a Dumyaɗ ta Masar a 1219 ana tsakiyar yaƙi, aka karɓe shi da mutunci ya koma lafiya. Tun da na ji wannan labarin nake ganin girman mutumin.

Tsohon_Katikis:
Haka yake Malam, ba ka kuskure ba. Kuma ga abin da zai ƙarfafa maganarka, a 1832 girgizar ƙasa ta rushe babban ɓangaren ƙaton cocin, rufin tsakiya ya zube, amma kubbar ta tsaya kuma ɗan ɗakin da ke ƙarƙashinta bai yi komai ba. Tsakanin 1836 da 1840 aka sake gina abin da ya faɗi.

Ladi_a_Turai:
Baba da Malam ku yi haƙuri, ni ina bayan ƙanwata a nan, na je wurin sau biyu kuma duk zuwan da ɗan ciwo a raina nake fitowa. Eh an tsare ɗakin, ban musa ba, amma a faɗi abin da aka biya. Kafin a kafa ƙaton ginin sai da aka rushe gine-ginen da suka taru kewaye da shi tun zamanin 'yan'uwan farko, ɗakin da ya rasu a ciki ne kawai aka bari tare da shi. In kin zagaya ta baya za ki ga zanen gicciye na mai zane Perugino a jikin bango, guntu ne ya rage, an yanke shi lokacin da aka rushe ɓangaren da yake jiki. Kurmin babu, shirun babu, yanzu gari ne guda har da tashar jirgin ƙasa da shagunan tsaraba. Ita ma fuskar ɗakin da kike gani a hoto mai launi-launi ba ta zamaninsa ba ce, wani Bajamushe Overbeck ne ya zana wajen 1829, wanda ke ciki saman bagadi kuwa na 1393 ne.

Kuma akwai labarin da 'yan'uwansa na farko suka bari, wai mutanen Asisi sun taɓa gina musu gidan dutse a wurin saboda babban taro ba da saninsa ba, da ya dawo ya gani sai ya hau rufin ya fara ciccire tayal yana jefarwa ƙasa, sai da aka ce masa gidan na hukumar gari ne ba nasu ba sannan ya sauko. Mutumin da ya yi haka saboda gida ɗaya, ku ce min zai ga gini mai tsawon mita 126 ya yi murna? Ni ban yarda ba.

Amma fa in faɗi gaskiya, cikin babban cocin fari ne fat ba wani ado a tsakiya, idonki ba inda zai je sai kan ɗan ɗakin. In kin shiga kuwa bangon na nan yadda yake, duwatsu marasa sassaƙa, sun yi sulɓi saboda hannun mutane, 'yan kujeru kaɗan ne kuma ba mai magana. Wannan kam ba su taɓa ba, Allah ya saka musu.

Magini_Fagge:
Yaya Ladi maganarki gaskiya ce, rushe na kewayen asara ne, yau da za a yi irin wannan aikin masu kula da kayan tarihi ba za su bari ba. Amma wannan sulɓin da kika ce shi ya fi burge ni, ɗakin da ake shiga ana ibada kullum ba ya mutuwa, wanda aka kulle aka ce ana adanawa shi ne gara da jemagu ke gamawa da shi, na ga irinsu da idona ba ɗaya ba ba biyu ba.

Bulus_Kano:
Ƙari kaɗan, sunan birnin Los Angeles na Amurka daga nan ya samo asali, cikakken sunan cocin ai Maryamu ta Mala'iku ne, Los Angeles kuwa ma'anarsa Mala'iku da Sifaniyanci, 'yan Sifen da suka isa yankin a 1769 tare da fada ɗan Faransiskan suka sa wa kogin wurin suna Porciúncula. Sannan ran 27 ga Oktoba 1986 a gaban ɗan ɗakin nan Fafaroma John Paul na Biyu ya tarbi shugabannin addinai daban-daban har da Musulmi don addu'ar zaman lafiya. UNESCO kuma ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya tare da Asisi a 2000.

'Yar_Zonkwa:
Kai na gode ƙwarai Baba, Malam, Yaya Ladi, Bulus, Allah ya ƙara sani. Na karanta wa gwaggo duka, da na zo kan kwandon kifin nan sai ta ce in maimaita mata, wai ba a gaya musu ba a can. Ta ce ita ma ta shafa bangon. Har yanzu zuciyata na wurin maganar tayal ɗin da ya jefar, amma na fahimci ta Malam. Yaya Ladi don Allah in kina da hoton bayan ɗakin inda guntun zanen yake ki turo min, gwaggo ta gaba kawai ta ɗauka.