Masu ƙananan shaguna a ƙasashen waje: yaya kuka yi da shigo da kayan sana'ar hannu kai tsaye daga wurin masu yin su?

Mai Shago, Manchesta

Assalamu alaikum, iyaye da 'yan'uwa. Ina da ƙaramin shago inda nake sayar da kayan ƙawata ɗaki, kuma shekara uku ke nan ina sarin kwandunan Bolgatanga ta arewacin Ghana da jakunkunan fata daga hannun wani babban ɗan sari a Landan. Abin da ya fara damuna shi ne, duk lokacin da mai saye ya tambaye ni ko kayan nan na cinikin adalci ne, wato ko wadda ta saƙa kwandon ta samu haƙƙinta yadda ya kamata, ba ni da amsar da zan ba shi face abin da aka rubuta a jikin kwalin. Ina so in fara oda da kaina daga wurin masaƙa a Ghana da kuma dukawa a Kano. Jarina ba shi da yawa, don haka ina roƙon duk wanda ya taɓa yin wannan harka ya gaya mini abin da ya gani da idonsa, mai daɗi da marar daɗi.

Hajiyar Hambug

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Bari in fara da gyara wani kuskure da na daɗe a cikinsa. Tambarin Fairtrade, wato na cinikin adalci, da ake gani a jikin kofi da cakulan da ayaba na amfanin gona ne da 'yan wasu kayayyaki irin su auduga da zinariya, ba a manna shi a kan kwando ko jaka. A ɓangaren sana'ar hannu, ƙungiyar da ake dubawa ita ce WFTO, wato ƙungiyar cinikin adalci ta duniya, wadda aka kafa a 1989, kuma ita ba kaya take tantancewa ba, kamfanin ko ƙungiyar masu sana'ar take bincikawa gaba ɗaya bisa ƙa'idoji goma. A cikin ƙa'idojin akwai ɗaya da ta sauya mini lissafi baki ɗaya, wadda ta ce idan mai sana'a ya nema, mai saye zai ba shi kafin alƙalami na aƙalla kashi 50 cikin ɗari na kuɗin odar, ba tare da ruwa ba.

Da farko na ɗauka wannan alfarma ce ake yi musu, sai da na je Bolgatanga na zauna kwana goma na gane cewa ba tare da shi ba aikin ma ba zai fara ba. Ciyawar da ake saƙar da ita akasarinta daga kudancin ƙasar ake kawo ta, kuma saye ake yi. Mace za ta sayi dami, ta tsaga kowane sili gida biyu, ta murza shi a cinya har ya zama igiya, ta dafa shi a ruwan rini, kafin ta soma saƙa, sannan kwando matsakaici yana cin ta kwanaki. Idan ba ta da kuɗin ciyawa da rini, sai ta ci bashi a wurin dillalin kasuwa, shi kuma ya karɓe kwandon a farashin da ya ga dama ranar da kasuwa ta ci, wadda take ci duk bayan kwana uku. Saboda haka duk wanda ya ce zai biya farashi mai kyau amma sai kaya sun iso Turai, ya bar matar nan a hannun dillali ne ba tare da ya sani ba.

Abu na biyu shi ne lokaci. Odata ta farko na ba da ita a watan Yuni, ina sa ran kaya kafin Satumba, ban yi la'akari da cewa damina ta sauka ba, kuma masaƙan nan manoma ne, gero da gyaɗa suna gaba da kwandona. Kayan ba su kammala ba sai ƙarshen Nuwamba, na rasa rabin cinikin Kirsimeti. Yanzu ina ba da odar Kirsimeti tun watan Janairu, lokacin da rani ya zaunar da kowa a gida.

Game da sufuri kuwa, kwando ba shi da nauyi amma yana cin wuri, kuma jirgin sama wuri yake sayarwa. Ana ninka tsawo da faɗi da tsayin kwali a santimita, a raba da 6000, kamfanonin kai saƙo kuma sukan raba da 5000, abin da ya fito shi ne kilon da za a caje ki idan ya fi nauyin gaskiya. Kwanduna sittin da na ɗauko a karon farko, kuɗin jirginsu ya zarce kuɗin da na biya masaƙan. Daga baya na koyi a zaɓi girma uku da za su shige cikin juna, a danne su sosai, idan sun iso a jiƙa su da ruwa a gyara musu siffa da hannu, su bushe su koma kamar ba a taɓa matse su ba.

Ɗan Damagaram, Liyon

Hajiya ta yi bayani mai gamsarwa, Allah ya saka da alheri. Ni harkata azurfar Agadas ce, zobba da 'yan kunne da sarƙoƙi masu giciyen nan da aka san garin da shi. Sauƙin da muke da shi a nan shi ne sefa a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya sefa 655.957, don haka farashin da muka yi da maƙeri a watan Maris shi ne farashin a watan Agusta ta fuskar canji. Abin da yake motsi shi ne kuɗin azurfar kanta, shi ya sa muka raba lissafi gida biyu, kuɗin ƙarfe bisa nauyi a ranar da aka saya, da kuma ladan hannu wanda ba na taɓa neman ragi a kansa.

Tun bayan juyin mulkin Yulin 2023 da rufe iyakar Nijar da Benin, hanyar Kwatano ta toshe, masu manyan kaya suka koma bi ta Lome da Burkina Faso, abin da ya ƙara musu kwanaki da kuɗi. Ni kayana ba su wuce ƙaramin kwali ba, jirgin sama daga Yamai ya ishe ni, amma wani abokina mai tumtum da takalman fata ya yi wata biyar yana jiran kayansa.

Matsalar da na fuskanta ita ce ta tsarkin ƙarfe. Wasu maƙeran suna narka tsofaffin kayan ado da duk abin da ya samu, kuma babu mai iya rantsuwa a kan abin da ke ciki. Wata mata ta dawo mini da 'yan kunne, kunnenta ya kumbura, da aka gwada sai aka sami nikel, wanda dokar Tarayyar Turai ta iyakance shi a kayan da ke taɓa fata. Ban rabu da maƙerin ba, domin bai yi da niyyar cuta ba, sai dai muka amince cewa daga ranar zai riƙa aiki da azurfa mai daraja 925 kaɗai, wato wadda kashi 925 cikin dubu nata tsantsar azurfa ce, ni kuma na ɗauki nauyin ƙarin kuɗin.

Alhajin Bamingam

Ƙarin bayani ga 'yarmu ta Manchesta, idan har za ki taɓa azurfa. A Birtaniya, bisa dokar 1973, ba a yarda ki sayar da abu da sunan azurfa ba idan ya kai nauyin giram 7.78 sai an buga masa hatimi a ɗaya daga ofisoshin awo huɗu, wato Landan, Bamingam, Shefild ko Edinbara. Na taɓa kai mundaye ashirin, bakwai suka faɗi a awo, dole na sayar da su da sunan farin ƙarfe a ƙasa da kuɗin da na saye su. Kafin komai kuma ki nemi lambar EORI, wato lambar rajistar kwastan ta masu shigo da kaya, ki sa a ranki cewa harajin VAT na kashi 20 ana lissafa shi ne a kan kuɗin kaya haɗe da kuɗin jirgi da na fito, ba a kan kuɗin kaya kaɗai ba.

Baduku Ɗan Gado, Kano

Assalamu alaikum. Ni ba mai shago ba ne, ina daga ɓangaren da kuke magana a kansa, domin ni nake tattara aikin dukawa goma sha ɗaya a cikin birni, ni ne kuma nake magana da masu oda daga waje. Ku yi mini haƙuri in faɗi abin da ba a cika faɗa ba.

Kafin alƙalami yana da kyau, amma a wurinmu abin da ya fi shi ciwo shi ne sauya magana bayan an fara aiki. An taɓa ba mu odar jakunkuna tamanin bisa samfurin da aka gani aka amince, mun yanka fata mun rina ta ja, sai saƙo ya zo cewa ja ta daina tafiya a can, a mayar da su ruwan ƙasa. Fatar da aka yanka ba ta komawa jikin akuya. Mai odar ta ce za ta karɓi talatin, sauran hamsin ɗin muka kai Kasuwar Kurmi muka karyar, alhali a shafin shagonta har yau akwai hoton ɗaya daga cikin dattawanmu yana ɗinki, an rubuta cinikin adalci a ƙasansa, kuma ba a taɓa neman izininsa ba.

Sai maganar kuɗi. A watan Yunin 2023, lokacin da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, muna da oda a hannu wadda aka yi farashinta da naira tun watan Afrilu. Kafin mu gama, zare da zif da rini da kuɗin mota duk sun tashi, cikon da aka turo mana bai sayi rabin abin da zai saya a da ba, shi kuwa mai odar kuɗin ƙasarsa da ya fitar sun ragu. Bai karya alkawari ba, amma ya ci ribar faɗuwarmu. Tun daga nan muke yanke farashi da fam ko yuro, a biya mu da naira bisa canjin ranar da aka tura.

Hajiya mai shago ta Manchesta, idan za ki yi odar fata, ki tambaya da me aka jeme ta. Jimar gargajiya da bagaruwa ake yin ta, babu sinadarin kurom a ciki, kuma ita ce fatar jan akuyar Sakkwato da Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko saboda ta can take bi ta isa gare su. Ta kamfani kuwa akasari da kurom ake jeme ta, kuma Tarayyar Turai ta hana fatar da ke taɓa jiki idan nau'insa mai cutarwa ya kai miligiram 3 a kilo. Sannan ki ce a fili ba ki son ko ɗan ƙyallen fatar mesa ko kada ko guza a jikin kayanki, domin yaranmu suna son yin ado da ita a bakin alabe, ita kuma tana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES mai kula da cinikin namun dajin da ake gudun ƙarewarsu, kwastan za su iya riƙe kwalin gaba ɗaya saboda ita.

Maman Biyu, Hiyustan

Malam Baduku, maganarka ta taɓa ni, domin na taɓa tsayawa a matsayin waccan mai odar, ko da yake tawa ta bambanta. Na haɗa kaya da wasu mutum uku a kwantena ɗaya daga Legas, tumtum arba'in da yadudduka masu rinin baba daga marinar Ƙofar Mata. An ɗaure tumtum ɗin a leda a watan Agusta, fatar ba ta gama shan iska ba, ta yi mako bakwai a kan ruwa, da na buɗe sai na tarar fumfuna ta cinye goma sha huɗu. Raina ya ɓaci, na rubuta cewa ba zan biya ciko ba. Mijina ne ya tambaye ni wa ya ce a sa leda, na duba saƙonnina na ga ni ce na ce, don kada ƙura ta taɓa su. Na biya cikon duka, muka koma naɗe su a takarda tare da ƙunshin sinadarin tsotse danshi, kuma ba ma loda fata sai da hunturu.

Yaduddukan sun iso lafiya, sai dai rinin baba yana zuba a wankin farko, don haka nake rubuta wa masu saye cewa su wanke shi shi kaɗai da ruwan sanyi.

Ga masu shago a Amurka, lissafi ya sauya. A da, ƙunshin da bai wuce dala 800 ba yana shigowa babu kuɗin fito, da shi yawancinmu muke karɓar samfur da ƙananan oda, amma an soke wannan a ƙarshen Agustan 2025. Haka kuma an cire Nijar daga tsarin AGOA, wato dokar Amurka ta sauƙaƙa wa kayan Afirka kuɗin fito, tun Janairun 2024. Ni dai na ƙara farashi a shago, ban rage na masu sana'ar ba, wasu masu saye sun tafi, wasu sun tsaya.

Hajiyar Hambug

Malam, batun hoton nan gaskiya ne, kuma ni ma da laifina. Na sa hotunan masaƙa huɗu a shagona, sai a zuwana na biyu na nuna musu, ɗaya ta ce a cire nata domin surukanta ba za su so ba. Na cire. Sai dai ina da ja a wuri ɗaya: ba kowane kayan da aka mayar ba ne zalunci. Idan samfur ya ce faɗin baki santimita 35, aka kawo mini 28, ba zan iya sayar da shi a matsayin wancan ba. Abin da muka yi shi ne muka rubuta tun farko cewa bambancin santimita biyu ba laifi ba ne, abin da ya wuce haka kuma ina karɓa a kashi biyu bisa uku na farashi, ba na barin shi a hannunsu.

Baduku Ɗan Gado, Kano

Hajiya, wannan ba mu da ja a kansa, matuƙar an faɗa kafin a sa wuƙa a fata. Mu ma muna ajiye samfur biyu iri ɗaya, ɗaya a wurinmu ɗaya a wurin mai oda, kowanne da sa hannun ɓangarorin biyu, domin hoton waya yana sauya launi.

Mai Shago, Manchesta

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na fasa haɗa Ghana da Kano a lokaci ɗaya, domin idan zan ba da rabin kuɗi in jira wata huɗu ko biyar, jarina ba zai ɗauki biyun ba. Zan fara da jakunkuna ashirin da alabe talatin ta jirgin sama, in ba da odar a watan Nuwamba, farashi da fam, kuma na cire kalmar cinikin adalci daga allon shago har sai na san abin da kowane baduku yake samu a kan jaka ɗaya. Malam Baduku, idan babu damuwa, ina so in san yadda kuke raba kuɗin jaka tsakanin majemi da mai rini da mai ɗinki, da kuma naka ladan na tattarawa, kafin in turo kuɗin samfur.