Neman shawara: sabon ɗan ches da na ƙirƙiro yana neman jawo min magana

Mai tambaya, Unguwar Rogo: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina koya wa yaran unguwarmu ches a zauren gidanmu duk yammar Asabar, tun bayan da ƙanena ya tafi karatu ya bar min allonsa. Da na ga sun fara gundura, sai na ƙirƙiro sabon ɗa na sa masa suna Hawainiya: a farin gida tana tsalle irin na doki (gida 2 gaba 1 gefe), a baƙin gida tana tafiyar bishof, wato a karkace. Har kasuwar Katako na je aka sassaƙa min, kafintan ya riƙe aikin ya ƙara kuɗi, sai da mahaifiyata ta cika min. Na riga na faɗa wa iyayen yaran za a yi gasa da ita bayan Sallah. Yanzu wani yaro ya ce ba ta da amfani, sauran sun bi bayansa. Don Allah yaya zan yi?

Tsohon ɗan wasa, Bukur: Wa alaikumus salam. Ƙanena, yaron nan ya fi ka gaskiya. Doki duk tsallen da ya yi sai ya sauya launin gida, bishof kuwa ba ya barin launinsa har abada. To Hawainiyarka na tashi daga fari za ta sauka a baƙi, shi ke nan ta zama bishof har a tashi wasa. Sau ɗaya kacal za ta yi doki. Kuma wannan harkar ba yau aka fara ba. Capablanca, zakaran duniya daga 1921 zuwa 1927, ya kawo allo mai gida 80 da sababbin 'ya'ya biyu, ɗaya haɗin doki da bishof, ɗaya haɗin doki da ruk, mai tafiya a miƙe. Ina suke yau? Ka koya musu ches na gaskiya.

Mai tambaya: Baba, na gode, amma ai da gangan na yi ta haka. Hawainiya ba gaggawa take yi ba.

Malamar firamare, Rikkos: Malam, kada ka karaya. Yaron da ya gano wannan da kansa ai koyarwarka ce ta shige shi. Ka mayar da tafiyar baƙin gida ta zama ta ruk, tunda ruk yana iya sauya launi. Amma ba ka faɗa mana ba, a wane gida take farawa, kuma wa ka cire ka sa ta?

Tsohon ɗan wasa: Hajiya, doki maki 3 ne, ruk 5. Maki nawa za a ba wannan? Yaro zai rasa lissafin musaya. Irin wannan ne ya watsa mana zama a da, kowa ya zo da dokarsa, yanzu duk sun koma waya, ko gaisuwa babu.

Ɗalibin kwamfuta, Naraguta: Yaya, akwai manhajar Fairy-Stockfish, ana gwada sababbin 'ya'ya a kanta. Da ni ne kai sai in ɗauko wanda aka riga aka sani, kamar raƙumi na tsohon ches ɗin sarki Timur, mai tsallen gida 3 gaba 1 gefe, ko igwar ches ɗin Sin da sai ta tsallake wani ɗan take ci. Ni ma na taɓa tsara nawa, abokina ya ɗauka ya ce shi ya yi, har yau ba ma magana.

Tsohon ɗan wasa: Raƙumin ma launi ɗaya yake bi. Ciwon dai ɗaya ne.

Mai tambaya: Ni fa ba na aro nake so ba, kuma an riga an sassaƙa. Idan na sauya doka yanzu, yaran za su ce wancan yaron ne malami. Ba a iya cewa kawai duk ta yi tafiyar bishof sau biyu ta koma doki?

Malamar firamare: Wa zai riƙa ƙirga musu? Har yanzu dai ba ka ce a ina take farawa ba.