Kafe hanya a cikin kwamfuta: gyara ne ko tara wa kai aiki?

Ɗalibi: Assalamu alaikum. Jiya na buɗe wa kwamfutata hanyar sadarwa (route) zuwa rukunin adireshi na 10.20.0.0 ta ƙofar (gateway) 192.168.1.254, komai ya yi daidai. Yau da na kunna ta, sai na tarar hanyar ta ɓace. Windows nake amfani da shi. Ina na kuskure?

Mai Windows: Wa alaikumus salam ƙanena. -p ka bari. Sake rubutawa haka: route -p add 10.20.0.0 mask 255.255.0.0 192.168.1.254. Da -p ɗin, Windows zai ajiye ta a rajista, a ƙarƙashin PersistentRoutes, ya dawo da ita duk lokacin da aka kunna. Ka duba da route print, za ka gan ta can ƙasa.

Mai Rauta: Amsar daidai ce, amma shawarar ce ban yarda da ita ba. Ni a wurina duk wanda ya kafe hanya a cikin kwamfuta ɗaya-ɗaya ya haƙa wa na bayansa rami. Aikin rauta ne, wato na'urar da ke haɗa sadarwa da sadarwa, sanin hanyoyi. Kwamfuta ta san ƙofarta ɗaya, shi ke nan.

Mai Linux: Malam, ka cika zafi. Sabar da ke da katin sadarwa biyu fa, ɗaya na masu shigowa, ɗaya na ajiyar bayanai? Ƙofar asali ɗaya ce tak za ta yi aiki. In ba ka kafe mata hanya ta kati na biyu ba, amsa za ta fita ta inda tambaya ba ta shigo ba, katangar tsaro kuma ta watsar da ita. Wace rauta ce za ta gyara maka wannan?

Mai Rauta: Sabar daban. Ina magana ne kan kwamfutocin ma'aikata. Na taɓa gadon wani ofis inda wanda na gada ya bi kwamfuta kusan talatin yana sa -p, bai rubuta ko'ina ba. Ranar da muka sauya adireshin ƙofa, intanet na aiki lafiya lau, amma manhajar albashi ta ƙi buɗuwa. Kwana biyu ina zargin kebul. Hanya mai /16, wato mask 255.255.0.0, ta fi ta asali ƙayyadewa, don haka ita kwamfuta ke bi, ko da ƙofar ta mutu.

Malama: To ai kun bar hanya ta uku. DHCP, tsarin da ke raba wa kwamfutoci adireshi kai tsaye, na iya raba hanyoyin da kansa ta zaɓi na 121, wanda takardar ƙa'ida ta RFC 3442 ta kawo a 2002. Wuri ɗaya ake gyarawa, kowa ya karɓa idan ya sabunta adireshinsa. Sai dai a kiyaye: bisa wannan ƙa'idar, kwamfutar da ta karɓi 121 za ta yi watsi da ƙofar asali da ke zaɓi na 3, dole a saka 0.0.0.0/0, wato hanyar asali, a cikin jerin, in ba haka ba duk kwamfutar da ke bin ƙa'idar ta rasa intanet.

Mai Windows: Malama, sabar da aka ba adireshi da hannu ba ta tambayar DHCP komai. Kuma Android ba ya karanta 121 ɗin.

Ɗalibi: Wani abokina ya ce a Linux kawai in zuba ip route add a cikin rc.local, ya wadatar.

Mai Linux: Kada ka bi wannan. Sau ɗaya rc.local ke gudana, lokacin kunnawa. In katin ya sauka ya sake tashi, kanel, wato zuciyar Linux, zai share hanyar, babu mai dawo da ita sai ka sake kunna injin. Ka ba manhajar da ke riƙe da katin: in NetworkManager ne, nmcli connection modify da +ipv4.routes, in Ubuntu ne, tun daga 17.10 netplan ake amfani da shi, a rubuta a fayil ɗin da ke /etc/netplan. Wani amfanin kuma, a NetworkManager hanyar na manne da wancan haɗin ne kaɗai, ba ta bin laftof zuwa wata sadarwar.

Mai Rauta: Ka ga ka shigo layina ke nan. Ta Windows mai -p tana bin mai laftof duk inda ya je. In ya je wani wuri da su ma 192.168.1 suke amfani da shi, hanyar za ta farka ta riƙa tura saƙo ga ƙofar da ba tasa ba.

Mai Windows: Wannan kam na yarda. Ƙanena, taka laftof ce ko ta tebur?

Ɗalibi: Ta tebur ce Yaya, kuma ba ni da ikon taɓa rautar.

Malama: To sa -p ɗinka, ka rubuta a takardar bayanan injin cewa ka sa, da kwanan wata. In an sauya ƙofa, route delete 10.20.0.0 zai cire ta.

Mai Rauta: Kuma ka sanar da mai riƙe da rautar yau, ba sai manhaja ta ƙi buɗuwa ba.