'Ya'yan tarwadata suna juyi a ruwa ba sa bin abinci, ina neman shawara

Assalamu alaikum, masana harkar kifi. Ina ƙyanƙyasar tarwada a wajen Kano, kuma tun shigar damina lamarin ya rikice mini. Ƙwan yana fashewa lafiya, 'ya'yan su shanye gwaiduwarsu cikin kwana 3 kamar yadda aka saba. Daga nan ne matsalar take. Maimakon su ruga ɓuya a kusurwa mai duhu, sai su dinga juyi a wuri guda kamar masu jiri, wasu su kwanta a gefe. In na ƙwanƙwasa jikin tankin ba sa firgita. Na zuba abinci, ba sa nemansa, har yunwa ta kashe su.

Na auna amoniya (gubar da ke fitowa daga kashin kifi) da pH (ma'aunin tsamin ruwa), duk daidai, iska ma tana shiga. Iyayen ƙalau suke.

Zargina yana kan ruwan rijiyar da nake zuba musu. Maƙwabta suna feshin maganin ƙwari a gonakin kayan lambu, na kuma san irin su dichlorvos suna toshe sinadarin da ke daidaita saƙon jijiya, shi ya sa kifi ke fizge-fizge. Amma ina zargin ƙarafa masu guba su ma: tagulla tana lalata jin ƙamshin kifi, ga shi yankinmu bai da nisa da kogin Challawa, inda ruwan masana'antun jima ke gangarawa da ƙarfen kromiyam.

Ta yaya zan bambance tsakaninsu daga yadda kifin ke iyo? Wane gwaji zan nema a ɗakin gwaje-gwaje, tunda kuɗina ba zai kai a auna komai ba? Kuma tace ruwa da gawayi zai wadatar, ko dole in haƙa burtsatse? Allah ya saka da alheri.