Ƙanina ya naɗi zaman kotu a Ingila, an ƙwace wayarsa: mene ne mafita?

Assalamu alaikum. Don Allah masana shari'ar Ingila ku taimaka mana.

Ƙanina ya je kotun majistare kan laifin tuƙi. Turancinsa bai nuna ba, sai ya kunna naɗar murya a waya, ya kife ta a cinyarsa, don in saurara daga baya in fassara masa. Wani ma'aikacin kotu ya hango, aka karɓe wayar nan take, aka kuma ba shi ranar da zai dawo ya yi bayani.

Na duba dokar raina kotu ta 1981. Sashe na 9 ya ce shiga da na'urar naɗar sauti don amfani da ita ba da izinin kotu ba raina kotu ne, kuma kotu na iya ƙwace na'urar da abin da aka naɗa. Sashe na 14 ya ce ɗauri a ƙaramar kotu bai wuce wata 1, a babba kuwa yana kaiwa shekara 2.

Abin da ke hana ni barci shi ne takardunsa na zama, domin saura kaɗan ya sabunta su. Irin wannan hukunci yana shiga tarihin laifukan mutum har ya shafi biza? Bai tura wa kowa sautin ba, shin alƙali zai duba wannan ya sassauta? Wayar ma ita ce jarinsa, da ita yake aikin kai kaya. Yaya ake roƙon a dawo da ita? Kuma lauyan laifuka za mu fara nema ko na shige da fice?

Allah ya saka da alheri.