"Icce tun yana ɗanye": tanƙwarawa aka ce ko duka?

Uwar Uku, Gusau:
Assalamu alaikum. Tambaya gare ni kan karin maganar nan da kowa ya haddace, "icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi." Da ruwa ya ɗauke na tuge tsohuwar kuɓewar bayan ɗaki, na ja fangali biyu na zuba irin tumatir da salak, ko ma huta da cefanensu zuwa bazara. Ban ruwa safe da yamma na ɗora wa babban ɗana mai shekara 9. Shekaranjiya yana saurin tafiya ƙwallo ya ɗaga bokiti ya kwarara gaba ɗaya. Tsiron da bai kai tsawon ɗan yatsa ba duk ya kwanta cikin taɓo, wani ma saiwarsa a waje. Kakarsu na zaune tana ɓarar gyaɗa, ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "To, icce dai tun yana ɗanye." Na gane inda ta dosa, na tsinko tsumagiya na zane shi. Yau kwana biyu ko kallon lambun ba ya yi, in na kira shi sai ya zo yana raɓe-raɓe. Abin da maganar ke nufi ke nan, ko ni ce na yi mata gurguwar fahimta?

Direban Jega:
Hajiya, ba ki yi laifi ba. Mu haka anka yi muna, ga mu mun zama mutane. Yaran yanzu in jiki bai ji ba kunne ba ya ji. A gaishe da Inna.

Ɗan Lambu, Aliero:
Malam direba, ka yi haƙuri, amma duk wanda ya taɓa tanƙwara icce da hannunsa ya san ba bugunsa ake yi ba. Yanzu haka lokacin darni muke ciki. An yanke dawa, an saki bisashe, kowa na jan kara ya kewaye lambunsa. Tankar da muke ɗaure darnin da ita reshen geza ne ko na sabara. Da hannu biyu kake kama shi, ka tokara gwiwa, ka bi shi kaɗan-kaɗan daga gindi har kai, kunnenka na kansa. Da ka ji ya ce "ƙas" ka sassauta. Wanda ya fizge shi lokaci guda, ko ɗanye shataf ne tsagewa zai yi. Sannan ba kowane ɗanye ke lanƙwasuwa ba. Hajiya, in akwai zogale a gidanki gwada da reshensa, a hannunki zai ɓalle. Ciki ɗaya yakan haifi ɗa geza, ya haifi ɗa zogale.

Batun fangalinki kuwa, mu nan albasa ce abincinmu. Iri yakan yi wajen kwana 40 kafin a tuge shi a dasa, kuma duk tsawon kwanakin nan ba mai miƙa wa yaro bokiti ya ce je ka ba shi ruwa. Nemi babban gwangwanin madara ki huhhuda gindinsa da ƙusa ki riƙa ban ruwa da shi, ki kuma barbaɗa busasshiyar ciyawa sama-sama saboda iskar hunturu na saurin shanye laima. Tsiron da ya kwanta, in ba a taka shi ba, da yawa zai miƙe.

Gwaggo, Argungu:
Ni abin da ke ci mini rai wutsiyar da ake liƙa mata ne, wai "in ya bushe sai dai ya karye." Da wannan wutsiya ake yanke ƙauna daga yaro tun bai kai ko'ina ba. Da saƙar tabarma da faifai na tashi. Kaba busasshiya muke saye, in ka lanƙwasa ta a haka tsagewa take yi. Sai a yayyafa mata ruwa, a naɗe cikin tsumma mai laima a bar ta ta sha, in ka dawo ta yi laushi yadda duk ka juya ta za ta bi. An kawo mini riƙon ɗan ƙanena yana shekara 14, kwanon da ya ci tuwo ma ba ya ɗagawa. Kowa ya ce ya bushe. Ban taɓa shi ba. Awakina huɗu na damƙa masa, na ce in uwar ta haihu ɗa guda nasa ne. Wata biyu ina cizon yatsa, don sau da yawa ni ke tashi in ba su dusa. Bana da aka yi roron wake, shi ya tara harawa ya ɗaure ya hau da ita kan rufi, ban sa shi ba.

Malamin Hausa, Birnin Kebbi:
Gwaggo ta taɓo wurin. Mu nan da Sakkwato da Zamfara "icce" muke cewa, Kanawa su ce "itace", wasu kuma su sa "lanƙwasa" a gurbin "tanƙwara". Duk yadda aka juya ta babu duka a cikinta. Ku jera ta da 'yan'uwanta: "tun ran gini ran zane", da "da zafi-zafi akan bugi ƙarfe". Dukkansu zancen lokaci suke yi. Mai zanen bango in ya bari laka ta bushe ya makara, shi ke nan. To ita ma wannan yaushe take faɗa maka, ba ta ce ta yaya ba. Kuma wa ake faɗa wa? Icce ba ya tanƙwara kansa. Iyaye ake ja wa kunne kada su yi sake, amma mun mayar da ita abin da ake karanta wa yaro kafin a ɗauko bulala.

Sai dai Gwaggo, kada a kama karin magana da laifin ƙarya. Bahaushen da ya ce "hali zanen dutse" shi ne ya ce "gemu ba ya hana ilimi". Kowace da ranarta.

Direban Jega:
Malam, duk na ji. To hadisin da ya ce a bugi yaro kan salla fa? Shi ma za a ce ba duka a ciki?

Baba na Mafara:
Ɗana, karanto shi daga farko. A umarce su da salla suna shekara 7, a buge su a kanta suna shekara 10. Tsakani shekara uku ce, salla biyar kullum, ka lissafa ka ga an haura sau 5,000 ana "tashi ka yi alwala" kafin a zo ga hannu. Malamai kuma suka ce ban da fuska, ban da mai raunatawa. Wannan fa salla ce. Yaron Hajiya shekararsa 9, laifinsa tumatir. Anas ɗan Malik ya yi wa Annabi (SAW) hidima shekara 10, ya ce bai taɓa ce masa "tir" ba. Ina yaro aka gama madatsar Bakalori, a 1978. Rani guda cur na yi ina bin mahaifina a baya ina kallon yadda yake buɗe wa fangali ruwa ya toshe da ƙafa, kafin ya yarda ya bar ni da fartanya ni kaɗai. Hajiya, sau nawa kika yi ban ruwan nan yana tsaye yana gani?

Yaya Babba, Ƙaura Namoda:
Tunda an zo nan bari in fasa nawa ƙwan. A gidajenmu an fi tuna iccen nan in mace ce. Sanyin asuban nan na hunturu, 'yan mata ne a bakin rijiya da toka da soso suna kankare tukunya, hannu duk kaushi har yana tsagewa, ga shara sau biyu saboda ƙura, ga surfe. Samarin suna cikin bargo. Ka yi magana a ce "ai ita gidan wani za ta." Shi kuma 'yar wani zai ɗauko, ba a tuna wannan. An tambayi Nana A'isha me Annabi (SAW) yake yi a gida, ta ce yana cikin hidimar iyalinsa. Nawa mazan biyu na raba musu kwana, yau wannan ke shara gobe wancan, surukata har yanzu ba ta huce ba.

Direban Jega:
Yaya Babba, wannan kuma wata shari'ar ce, a bar ta sai an zauna. Amma maganar Baba ta shige ni.

Uwar Uku, Gusau:
Baba, kunya ta hana ni amsawa jiya. Ko sau ɗaya ban nuna masa ba, bokitin kawai na miƙa masa. Yau da safe na ba shi ƙusa da dutse shi ya huda gwangwanin da kansa, ramukan sun yi girma, muka sake wani. Na riƙe hannunsa muka bi fangali ɗaya, na biyun ya ce in sake shi. Salak ɗin ya tafi sai dai a sake zubawa, tumatirin kuwa ya fara ɗagowa. Kakarsu ta ce ita dai a zamaninsu ba a lallashin ɗa namiji, tana faɗa tana tura masa gyaɗa a aljihu. Malam na Aliero, ƙadangaru sun fara tsinke mini ganyen, me kuke yi musu?

Ɗan Lambu, Aliero:
Tsohon gidan sauro, Hajiya. Ki kafa ƙirare huɗu ki lulluɓa, ki danne gefen da duwatsu. Ki bar yaron ya kafa.